Cikin Da Aka Ce Ya Kwanta

A wata na bakwai muka lura cikina ya jima da daina girma, sai uwar mijina ta ce ya kwanta.

Tana tankaɗe a tsakar gida ta faɗi haka, ko ɗago kai ba ta yi ba. Inna Furera ke nan. A ƙauyenmu, can gabas da Gidan Sori, rabin mutanen da ke zuwa masallaci ranar Juma'a ita ta yi musu wankan farko, saboda haka in ta yi magana a kan ciki babu mai cewa uffan. Ta dubi ɗaurin zanina da wutsiyar ido, ta buga rariya a tafin hannu, ta ce, "Kwanciya ya yi, ɗiyata. Ciki shina kwanciya awa mutum. In ya gaji shi kwanta, in ya huta shi tashi shi ci gaba da girma. Watannin da yak kwanta kuwa ba a ƙirga su."

Ban amsa ba. Surukuwa ba ta maganar cikinta gaban uwar miji, ballantana cikin da ake fatan ya zama ɗan fari.

Ta ce, "Ga mijinki nan. Damina biyu ya yi cikina. Dubi ƙaton da ya zama."

Mijina sunansa Haruna, rubutawa na yi, ban faɗa ba. Gaskiya ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakina, kuma har yau in ya ci tuwo ya jingina da bango sai an tashe shi sallah. Duk wanda ya ga barcinsa ba zai yi wa Inna gardama ba.

Ni kuwa Nusaiba, shekarata bakwai a gidan ba goyo. Cikina na farko ya zube yana wata huɗu. Na biyu ya kai wata takwas, na haife shi ba kuka, aka naɗe shi a ƙyalle aka fita da shi ban ga fuskarsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To da na ji kalmar kwanciya sai ta yi mini daɗi har cikin raina, domin mai barci ana sa ran tashinsa. Na rungumi maganar Inna hannu bibbiyu, ba don ta fi ƙarfina ba, don ina so ta zama gaskiya.

Na je awo Gidan Sori a makon nan. Sajfam, wato ungozomar asibiti, ta ɗora ma'auninta a cikina, ta duba, ta sake ɗorawa. Ta ɗaure mini dantse ta auna tansiyo, ta ce jinina ya hau. Ta ba ni ƙwayoyi, ta rubuta takarda ta ce in kai Gidan Rumji a yi mini eko, hoton ciki, kada in wuce kwana biyu. Na yi lakol, wato makarantar boko, har aji shida, na karanta abin da ta rubuta sarai. Da na dawo gida na ninke takardar na sa ta a ƙarƙashin kwallata ta aure, ta yi mako uku a wurin. Lokacin maimai ne, maigida yana gona tun asuba, Inna kuma ta ce akwatin Nasara tada ciki yake yi kafin lokacinsa. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ni ce na ɓoye takardar, don ina tsoron abin da za a gano.

Sai gidanmu ya koma gidan raɗa. Inna ta hana ni daka, ta hana ni ɗebo ruwa, ta sa aka mai da turmi bayan danga. Zakara ya yi cara kusa da ƙofata ta wurga masa muciya. Ni ma na koyi tafiya a hankali, ina ɗaga ƙafa ina ajiyewa. Da can yakan harbe ni in na sha kunu mai zafi. A hankali harbin ya zama ɗan motsi, motsin ya zama sau uku ko biyu a wuni. Ina murna, Allah ya yafe mini. Ina shafa cikin ina ce masa a zuci ya yi barcinsa, babu mai damunsa.

Barci ya riƙa ɗaukata ni ma. Da an yi azahar sai in shimfiɗa tabarma a inuwar bedi, wato dogon yaro, idona ya yi nauyi, kukan kurciya ya yi ta nisa. Mafarki ɗaya nake yi kullum. Gonar gero ce, ruwa ya kwanta a cikinta har gwiwa, mai haske, ana ganin tushen kowane kara. A tsakiyar ruwan akwai rumbu yana lilo a hankali. Ina zuwa da ƙwaryar fura a kai, in leƙa ta bakin rumbun, sai in ga yaro kwance a kan damman gero, ya ba ni baya. Bayan nan nasa ɗan ƙarami, yana hawa yana sauka. In sauke ƙwaryar in miƙa masa, sai in tarar furar ta ragu, alhali ban zubar ba. Ran nan rabi, washegari ta koma gindin ƙwarya. Ba na jin tsoro a mafarkin. Ruwan yana da ɗumi, balbelu suna sauka a kan rumbun ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye ina kallon bayan yaron har a kira la'asar.

Na ba Inna labarin, na ce wata ce ta yi mafarkin. Ta yi dariya ta ce, "Ki ce ma mai mafarkin ta gode Allah. Rumbu arziki na."

Jiki magayi. Takalmina ya daina shiga ƙafata, zoben azurfata ya nutse a yatsa. Kaina yana sara tun safe. Wata Talata da hantsi na ɗauki fura zan kai gona, don na gaji da zama, ina tsakiyar hanya sai na ga ƙananan fitilu suna yawo a gaban idona, da rana tsaka, suna tashi daga kan gero suna ɓacewa. Sun yi mini kyau ƙwarai. Na zauna a bakin hanya ina kallonsu, ban san tsawon zaman da na yi ba. A nan maigida ya same ni. Ya dubi fuskata, ya ce ta kumbura har idona ya shige. Na faɗa masa zancen takardar. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa, amma ranar ce na fara ganin ya yanke shawara bai tambayi uwarsa ba. Ya ɗaura wa sa amalanke.

Inna ta fito da mayafinta da butarta. Ta ce, "Ni ma za ni. In ga akwatin da yaf fi ni sanin ciki."

Tafiyar nan har yau in na rufe ido ina ganinta. Gero ya fitar da kai, ya yi tsawo har ya rufe hanya, amalanke yana ratsawa ganye yana shafar ƙafafuna. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi. Na kwanta a kan buhu ina kallon gajimare suna haɗuwa suna rabuwa, wani ya yi kama da tunkiya, wani da kan jariri. Inna tana riƙe da ƙafata ɗaya a cinyarta tana matsawa, tana jan carbi da ɗaya hannun. Kada a ɗauka muguwa ce. Duk faɗin ƙauyen babu wanda ya fi ta son abin da ke cikina. A bakin babbar hanya muka bar amalanke wajen wani ɗan'uwan maigida, muka shiga mota zuwa Gidan Rumji.

Likitar da ke yin eko sunanta Madam Safina, 'yar siririya mai tabarau, ba ta kai ni jiki ba. Muna zaune a benci muna jiran layi, wata mai tsohon ciki tana ciki, sai muka ji wata ƙara ta fito ta labule, shuuu-shuuu-shuuu, tana tashi tana sauka ba ta yankewa. Inna ta ce, "Mi na na wanga kuma? Iska sunka ɗaure cikin akwati?" Matar da ke gefenmu ta ce jinin ɗan ne ake ji yana gudu. Inna ta taɓe baki, amma na ga ta karkata kunne.

Da layi ya zo kaina, Madam Safina ta karanta takardata, ta dubi kwanan watan da ke jiki, ta dube ni ta saman tabarau. Na so a ce zagina ta yi. Ta ce Inna ta shigo, maigida ma ya shigo ya tsaya bakin ƙofa.

Ɗakin da duhu-duhu, an rufe taga. Ta shafa mini wani mai sanyi mai yauƙi a ciki, ta ɗora kan na'urar tana zagayawa da shi. Allon ya cika da toka-toka, kamar hayaƙi yana juyawa. Can sai hayaƙin ya tattaru ya zama ƙwallon kai. Ga ƙashin baya a jere, ƙanana-ƙanana. Ga hannu a dunƙule kusa da baki. Wata takwas saura kaɗan ina ɗauke da mutum ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Hawaye ya gangaro mini ta gefen ido ya shiga kunnena, ban share ba.

Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta ce, "Kun gani? Ga shi nan kwance. Mi nac ce muku?"

Madam Safina ta ce, "Bari mu auna shi, Inna." Ta ja layi a kan kai, ta ja a kan cinya, ta zagaye ɗan cikinsa. Ta rubuta a takarda. Sannan ta ce kansa ya kusa daidai da watanninsa, amma cikinsa na ɗan wata shida ne, ruwan da yake ciki kuma ya ragu sosai. Ta danna wani maɓalli, sai launi ya bayyana a cikin tokar, ja da shuɗi, sun murɗe da juna suna walƙiya.

Ta ce, "Wannan ita ce igiyar cibiya. Ta nan abinci da numfashi ke zuwa masa daga mabiyiya. Jan yana nuna jinin da ke tahowa wajen na'urar, shuɗin kuma wanda ke tafiya. Yanzu ku saurara."

Ta murɗa sauti. Fuu. Sai shiru. Fuu. Sai shiru.

Ko ban yi lakol ba na san ba irin ta matar da ta fita ba ce. Waccan ba ta yankewa. Tawa kuwa kowane bugu sai ya faɗi ƙasa ya mutu kafin wani ya taso. A ƙasan allon wasu tsaunuka farare suna wucewa a jere, tsakanin kowane biyu akwai fili baƙi ƙirin, babu komai a cikinsa. Madam Safina ta ɗora yatsa a kan baƙin filin.

Ta ce, "Nan ne damuwata. In mabiyiya tana da lafiya, zuciyar yaro ta buga ta huta, jini ba ya tsayawa, yana ci gaba da wucewa. Wannan mabiyiyar ta toshe, hawan jinin uwar ya taɓa ta. Sai zuciyarsa ta tura da ƙarfi jinin ke wucewa, tana sakewa ya tsaya cak." Ta mai da na'urar kan ƙwallon kan, launi ya sake kunnuwa, ƙarar ta cika ɗakin. "Kun ji nan kuma hanya a buɗe take fiye da kima. Ɗan abin da yake samu, kai yake aika wa, ya hana sauran jiki. Kamar gidan da yunwa ta kama, a ci ganye a ɓoye iri. Shi ya sa cikinsa ya rame, shi ya sa ya rage motsi. Tattalin ƙarfinsa yake yi."

Inna ba ta da saurin ba da kai. Ta gyara mayafi ta ce, "To ai shi ke nan, likita. Wa yat taɓa ganin mai barci shina cin tuwo? In ya tashi ya ci."

Madam Safina ta ajiye na'urar ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ta. Ta ce, "Inna, ba zan yi gardama da ke a kan abin da kika gani a zamaninki ba, kin karɓi haihuwa tun ba a haife ni ba. Amma wannan da ke gabana ba barci yake ba. In aka bar shi, shirun nan da kika ji zai ƙara tsawo, daga nan jinin ya fara komawa da baya. Kwana nawa ya rage, Allah kaɗai ya sani. Ni dai ba zan ce mako biyu ba."

Ta faɗi abin da za a yi. Yanzu-yanzu a yi mini allurar da za ta ƙarfafa huhunsa, a ba ni maganin tansiyo, motar asibiti ta kai ni Maradi. Gobe a sake allurar, jibi a yi mini aiki a fito da shi, in bai matsa kafin nan ba. Ta ce zai zo ƙarami ƙwarai, kuma ba ta yi mana alkawarin zai rayu ba. Abin da ta sani shi ne a waje ana iya ba shi abinci, a ciki kuwa ba a iyawa.

Inna ta miƙe tsaye. Ta ce, "A hidda shi? Ɗan wata biyat? Wata biyat gare shi, likita, tun da biyu da rabi kwance ya yi su! Wa ka hidda ɗan wata biyat shi rayu? Ku tsaga yarinya ku ɗauko mini tsoka ku ce ƙaddara? Haruna, ɗauko matarka mu tahi gida. Malam shi yi mata rubutu, cikin shi tashi da kainai."

Madam Safina ta ce watanni ba sa tsayawa don ciki ya ƙi girma, ƙashinsa da kansa sun nuna ya haura wata bakwai da rabi. Inna ta ce akwati bai san kwanciya ba. Maigida yana bakin ƙofa, ƙato guda, yana murza hularsa yana kallon siminti. Na san shi. Ƙarfin halin da ya yi da safe ya ƙare a hanya, in aka ƙara minti biyu zai ce to Inna.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ji haushinsa, na ji haushin Inna, na fi jin haushin kaina da na yi mako uku ina lallashin yaro ya yi shiru alhali ƙarfin motsi ne ba shi da shi. Ina kwance, cikina a buɗe, man nan yana bushewa a kai. Shekara bakwai ban taɓa ɗaga murya gaban matar nan ba, ban taɓa cewa ina da ciki da bakina a gabanta ba. A garinmu uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne, ko sunansa ba ta kamawa.

Na ce, "Inna, ɗana yunwa shi ka ji."

Maigida ya ɗago kai. Inna ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

Na ce, "Ɗana ne, Inna. Biyu na ba ƙasa ban ce komi ba. Wanga na ji shi da kunnena. Ba ni komawa gida da shi." Na juya wajen likita na ce ta yi allurar.

Inna ba ta ce na yi rashin kunya ba. Ta ɗauki butarta ta fita. Na ɗauka ƙauye za ta koma. Da aka turo ni bakin motar asibiti sai na tarar da ita a ciki, ta riga kowa zama, ta juya fuska wajen taga. Har muka isa Maradi ba ta dube ni ba, amma da motar ta faɗa rami ita ce ta tare kaina da hannu.

Ranar Alhamis da hantsi aka shiga da ni. Aka yi mini allura a gadon baya, ƙafafuna suka tafi suka bar ni. An kafa koren ƙyalle a gabana, fitila babba tana sama. Ina jin ana taɓa ni can nesa, ana ja ana turawa, babu zafi. Muryoyinsu suna zuwa suna komawa cikin Faransanci, ina kama ɗaya ina sakin goma. Idona ya lumshe. Na ga kaina ina tafiya a wani fili mai faɗi bayan ruwan sama, rairayi a jiƙe, sawun wata ƙaramar ƙafa a gabana, ina bi ina bi ba na cim mata. Sai na ji muryoyin sun tsaya. Na buɗe ido. Shirun ya yi tsawo har na fara salati.

Can sai wani ɗan sauti, siriri, kamar na ɗan kyanwa a bayan ɗaki. Wata ta ce, "Mace ce." Aka nuna mini ita ta saman ƙyallen, ja-ja-wur, fata duk tattara, ba ta fi tafin hannun ubanta biyu ba. Kilo ɗaya da giram ɗari uku. Ashe duk ɗana, ɗana da na yi ta faɗa, 'ya ce. Kafin in ƙare kallonta an wuce da ita ɗakin jarirai, aka sa ta a akwatin gilashi.

Da yamma aka kawo wa Inna mabiyiya a roba, domin ita ce mai wankewa ta binne a bayan ɗaki kamar yadda aka saba. Ta buɗe a gefen gadona. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗago ta a tafin hannu ta jinjina, ta juya ta, ta latsa wasu wurare farare masu tauri da babban yatsa. Hannun nan ya riƙe ɗaruruwan irinta, ido ba mudu ba ya san kima.

Ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Wagga ko ɗan tsako ba ta ƙosarwa."

Ta naɗe ta, ta wanke hannu, ta bi maigida suka tafi ƙauye.

Kwana tara 'yata ta yi a gilashi. Ina tatsar nono a ɗan kofi ana ba ta ta wani siririn tiyo a hanci. Ran nan a ce ta ƙaru da giram ashirin, ran nan a ce ta ragu. Rana ta huɗu ta daina numfashi sau biyu, sai da aka murza tafin ƙafarta. Ina zama a kujera gefen gilashin har barci ya kwashe ni, amma ban ƙara yin mafarki ba. Ran kwana bakwai maigida ya kira ni a waya da safe, ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Ya ce dattawa sun ce a dakata da suna a ga abin da Allah zai yi, Inna ta ce ko za ta sayar da akuyarta sai an yanka rago yau. An raɗa mata Bilkisu.

Ran kwana goma aka ciro ta aka ɗora mini a ƙirji, fata da fata, aka ɗaure mu da zane. Aka ce haka za ta zauna dare da rana har ta yi ƙwari. Da azahar Inna ta shigo da ƙullin soyayyen nama da kwanon fura. Ta zauna a bakin gado, ta ɗaga gefen zanen ta leƙa. Ta jima ba ta saki ba.

Ta ce, "Bayan Haruna na yi biyu da sunka kwanta. Guda wata shida, guda wata bakwai."

Ban taɓa ji ba. Ko maigida bai sani ba.

Ta ce, "Na jira su. Sunka zo ba rai, duka biyun. Uwar mijina tac ce ni na tashe su da daka da ɗaukar ruwa, ban iya jira ba. Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da wagga magana. Shi ya sa nah hana ki taɓa taɓarya." Ta saki zanen ta dube ni, idonta ya yi ja. "Ke da kinka yi lakol, kinka ji abin da likita tac ce. Su ma yunwa ta?"

Na so in ce mata a'a, na so in ce mata i. Tausayinta ya cika mini ƙirji.

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Amma ba dakanki ba ne."

Ta gyaɗa kai. Hawayen ya zubo, ba ta ɓoye ba. Can ta tambayi sajfam ko tsohuwa ma tana iya wannan goyon na gaba. Aka ce tana iyawa. Ta cire rigarta, aka kwance yarinyar daga jikina aka ɗora mata, aka ɗaure. Ta jingina da bango ta rufe ta da hannu biyu. Har aka kira la'asar ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba.